AMSOSHIN WASIƘUNKU: Mai Fetur Ko Mai Gas? Shawara Ga Mai Son Sayen Motar Kaya Ta Hannu

 Kamar yadda muka yi alkawari a rediyo ranar da lokaci ya ƙure mana muna tsakiyar bayani, ga cikakkiyar amsar nan mun kawo a rubuce, domin wanda bai samu ya saurara ba ya karanta, wanda kuma bai yi boko ba ya sa yaro ya karanta masa.

Wasiƙu uku ne suka zo mana a kan magana guda. Ta farko daga wani manomi ce a ƙasar Funtuwa. Ya ce shi da ƙanensa sun sayar da masara da waken soya na bana, suka ƙara da bijimai biyu, suna son sayen motar da za ta riƙa kai musu taki gona tana kwaso amfani, in kaka ta yi kuma su yi wa maƙwabta jigila. An nuna musu motoci biyu masu ɗaukar tan uku-uku, ɗaya mai fetur ɗaya mai gas, amma mai gas ɗin ta ɗara 'yar'uwarta da wajen Naira miliyan biyu. Ta biyu daga wani Alhaji ce mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Dawanau, wani lokaci har Kudu, ya ce kuɗin hayar mota yana cinye masa riba. Ta uku kuwa ta ƙetaro ne daga Jamhuriyar Nijar, daga wani mai fataucin albasa a jihar Tawa, wanda aka yi wa tallar wata DAF daga Turai, ya ga wani ƙaramin tanki mai shuɗin murfi a gefen tankin mai, ya rasa ko na mene ne.

To, 'yan'uwa, wannan ba maganar wasa ba ce, domin gumin shekara guda, wani ma na shekaru, shi ake shirin ɗorawa a kan taya. Ku gyara zama.

WANE GAS MUKE NUFI?

Da farko mu daidaita harshe. In muka ce gas a wannan bayani, muna nufin man dizal, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira gazuwal, kamar yadda suke kiran fetur isansi. Ba iskar gas ta girki ba, ba kuma iskar CNG da ake juya motoci suna sha a yanzu ba. Ita wannan za mu zo kanta daga baya.

YADDA INJINAN SUKA BAMBANTA

Injin fetur yana haɗa iska da mai, fistin ya matse su, sai fulogi ya ƙyasta musu wuta su kama. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya daidaita irin wannan inji a 1876. Shi kuwa injin gas ba ya buƙatar fulogin ƙyasta wuta. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta matuƙar matsewa har ta yi zafin da ya haura digiri 500, sa'an nan nozul ya fesa mai a cikinta, man ya kama da kansa. Duk wanda ya taɓa yi wa keke iska ya ji yadda gindin famfo ke ɗumi, to ya ga asirin. Wannan kuma aikin wani Bajamushen ne, Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a 1897, kuma daga sunansa aka samo kalmar dizal.

Injin fetur yakan matse abin da ya zuƙa kamar sau 8 zuwa 12, na gas kuwa sau 14 zuwa 22. Daga wannan bambanci ne sauran duka suka fito. Saboda tsananin matsewar nan dole a ƙera injin gas da ƙarfe mai kauri, shi ya sa ya fi nauyi, ya fi tsada, ya kuma fi jure aiki. Har ila yau yana tatsar ƙarfi daga kowace lita fiye da na fetur, ga shi kuma ita kanta litar gas ta fi ta fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100. In an haɗa biyun, mota mai gas takan yi aiki guda da ƙarancin mai na kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Daɗin daɗawa, ƙarfin injin gas yana zuwa ne tun yana juyawa a hankali, shi kuwa na fetur sai an taka masa totur ya yi kuka kafin ya nuna ƙarfinsa. Wato mai fetur doki ce, mai gas kuwa takarkari. In sukuwa ake so a fili, doki ne gaba. In kuwa buhu talatin za a ja daga cikin yashi a hau gangare, ka san wanda za ka nema.

INA ZAƁIN YAKE?

Alhaji mai zuwa Kudu, bari mu sallame ka da wuri a kan wannan gaɓa. In motar da kake nufi ta kai mai ɗaukar buhu ɗari zuwa sama, ko tirela mai tan 30, to babu wani zaɓi. DAF da MAN da Mack da Iveco da Howo da tsofaffin Marsandi da ke kasuwar motocin hannu, gas suke sha. Dattawa za su tuna da wasu Bedford masu fetur na zamanin bodin katako, amma wannan zamani ya wuce, domin babu mai iya ciyar da irin wannan mota fetur a yau. Abin da ya rage maka shi ne zaɓi tsakanin tsohon injin gas da sabon yayi, kuma za mu yi bayaninsa.

Inda ake samun fetur da gas kafaɗa da kafaɗa shi ne a ƙananan motocin kaya da matsakaita, daga tan ɗaya zuwa uku: a-kori-kura irin su Hilux da tsohuwar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, da J5, da Toyota Dyna. Kanta kuwa, wato Mitsubishi Canter, akasarinta mai gas ce.

Wani abin lura, jama'a, shi ne nauyin da aka rubuta wa mota. Ku dubi Marsandi 911 da kowa ya sani. Lambar 9 tana nufin tan 9 ne nauyinta gaba ɗaya, ita da kayanta, 11 kuma ƙarfin doki 110. Ashe ke nan kayan da aka ƙera ta ta ɗauka bai kai tan 9 ba. Mu ne muke ƙara mata sifirin mu lafta mata abin da ya fi ƙarfinta. Kowane irin inji ka saya, lodin wuce kima ne zai fara kashe shi.

MU ZO GA LISSAFI

A da lissafin nan ba shi da wuya. Tun zamanin mulkin Obasanjo aka sakar wa 'yan kasuwa farashin gas, aka bar tallafi a kan fetur. A ƙarshen 2022, bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya hargitsa kasuwar mai, litar gas ta kai wajen N800 alhali farashin gwamnati na fetur bai wuce N185 ba. A lokacin mutane da yawa sun sauke injin gas daga ƙananan motocinsu sun ɗora na fetur, kuma ba su yi wauta ba. Amma ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, fetur ya yi tsalle zuwa wajen N500, a watan Oktoba na 2024 kuma ya haura N1,000 a Abuja. A ɗaya ɓangaren, a watan Afrilu na 2024 matatar Dangote ta saukar da farashin gas da take sayar wa dillalai zuwa N1,000. Ka ga tazarar da ke tsakanin man biyu ta tsuke. Saboda haka duk wanda ya ba ka shawara da lissafin zamanin tallafi, shawararsa ta kwana.

Ga yadda za ka yi naka lissafin. Lambobin nan misali ne kawai, kai sai ka sa farashin gidan man garinku na ranar. Mu ƙaddara mota mai fetur 'yar tan uku tana shan lita 20 a kilomita 100 da kaya, mai gas kuma lita 14. Mu ƙaddara fetur N900 ne, gas kuma N1,100.

Mai fetur: lita 20 sau N900, ya kama N18,000.
Mai gas: lita 14 sau N1,100, ya kama N15,400.

Wato a kowace kilomita 100 mai gas ta rage maka N2,600, duk da cewa litarta ta fi tsada. To amma nawa kake tafiya a shekara? A nan gizo ke saƙar. Ɗan kasuwar da ke bin kasuwanni kusan kullum, yana cin kilomita 40,000 a shekara, zai tsira da N1,040,000. Ke nan cikin shekara biyu ya mayar da ƙarin miliyan biyun da ya biya, abin da ya biyo baya riba ce. Shi kuwa manomin da motarsa ba ta wuce kilomita 6,000 a shekara, daga gida sai gona sai kasuwar mako, N156,000 kaɗai zai rage. Kafin ya mayar da miliyan biyu sai ya yi kusan shekara 13, kuma kafin nan motar ta tsufa.

Ga wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa daga misalin nan: muddin kuɗin litar gas bai ɗara na litar fetur da fiye da kashi 40 cikin 100 ba, mai gas ce ta fi arahar tafiya. In ya wuce haka, lissafi ya juya. Malam na jihar Tawa, a wajenku gwamnati ce ke yanka farashi. A watan Yuli na 2024 ta mayar da litar isansi sefa 499, ta gazuwal kuma 618, ka ga tazarar ba ta kai kashi 25 cikin 100 ba. Sai ka gwada da farashin da kake gani a famfo yau.

GYARA DA KAYAN GYARA

Shan mai rabin magana ne, ɗaya rabin yana hannun bakanike. Mai fetur tana yawan ƙananan ciwo: yau fulogi, gobe kafireto ya toshe, jibi wayar wuta ta saki. Amma ciwon nata mai araha ne, kuma kusan kowane gari akwai wanda zai taɓa ta ta tashi. Mai gas ba ta cika laulayi ba, kuma in ana kula da ita takan daɗe ƙwarai kafin a sauke inji. Sai dai ranar da ta kwanta, kwanciyar babba ce. Famfon mai da nozul ba a gyara su a gindin bishiya, sai an kai birni wajen masu na'urar gwaji. Juyen baƙin mai ma ya fi tsada, domin inda ƙaramar mai fetur ke cin lita 4 zuwa 5, Kanta takan ci 8 zuwa 10, ga matatar mai da ake canjawa a kai a kai, ga batir mai ƙarfi, manyan ma guda biyu suke ɗauka.

Saboda haka kafin ka biya ko sisi, ka rubuta sunan injin da lambarsa, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, ka tambayi kuɗin abu biyar: ringi da fistin, gaskit, famfon mai, nozul ko kafireto, da kuma injin sukutum na Beljiyam. In ka shiga shago uku ana ce maka sai an aiko daga Legas, to ka sani ranar da motar ta tsaya maka a daji haka za ka zauna jira. Ka kuma tambayi bakaniken garinku wane inji ya iya. Motar da ta fi kowace kyau ita ce wadda za a iya gyara maka a inda kake.

TSOHON FAMFO DA MAI ƘWAƘWALWA

Injin gas iri biyu ne a kasuwa. Akwai na da, mai famfon ƙarfe zalla, irin na 911 da tsofaffin Kanta. Wannan yana da ƙara, yana hayaƙi, amma yana da haƙuri da manmu da ƙurarmu. Akwai kuma sabon yayi da ya fara bazuwa daga ƙarshen shekarun 1990, wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansa. Shi ya fi ƙarfi, ya fi tsimin mai, ya fi shiru. Amma yana tura mai da matsin da ya ninka iskar tayar babbar mota sau 200 ko fiye, ta ƙofofin da ba su fi kaurin gashi ba. Ɗigon ruwa ko ɗan datti ya isa ya lalata nozul, kuma gano ciwonsa sai an jona masa kwamfuta.

Na ga wannan da idona. Wata shekara ƙungiyar manoma ta garinmu, wadda nake riƙe wa littafi tun ina koyarwa, ta haɗa kuɗi muka sayi irin wannan mota saboda ta fi sheƙi. Mako na uku direba ya sayi mai a jarka a bakin hanya, ashe da ruwa a ciki. Haka motar nan ta yi kaka guda cur a gindin darbejiya, kaji na kwana a ƙarƙashinta, mu kuma muna biyan hayar motar wasu. Laifinmu ne, domin ba mu tambayi kowa ba.

Yanzu ga amsar shuɗin murfi, Malam mai albasa. Wannan tanki na wani ruwa ne da ake kira AdBlue, wanda ake haɗawa da tataccen sinadarin yuriya da tsabtataccen ruwa, ana fesa shi cikin salansa don ya rage gubar hayaƙi. Manyan motocin Turai sun fara zuwa da shi daga wajen 2006, daga 2014 kuma aka ƙara musu matatar da ke tare baƙin hayaƙi. In ruwan ya ƙare ko na'urar ta lalace, ƙwaƙwalwar motar takan rage mata ƙarfi da gangan. Kada ka kuskura ka jiƙa takin yuriya na gona ka zuba, kada kuma ka bari a zuba gazuwal a ciki. Bugu da ƙari, an ƙera waɗannan motoci ne don man da farar wutar cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, alhali Nijeriya ta daɗe tana yarda da mai kashi 3,000, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Da yawan irin motocin nan an riga an cire musu na'urar bayan sun iso. Ka tambaya ko an cire, wa ya cire, ka kuma duba ko akwai fitilar gargaɗi da ke kunne a gaban direba.

KADA KA YI CINIKIN BIRI A SAMA

Ko wace ka zaɓa, lafiyar motar ta fi irin man da take sha muhimmanci. Lafiyayyar mai fetur ta fi gajiyayyar mai gas sau goma. Ga abin da za ka yi, kuma ka tafi da bakanikenka na amana, ba na dillali ba.

Na ɗaya, ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora hannu a kan inji. In ka ji ɗumi, an riga an tayar da ita don a ɓoye maka wuyar tashi, sai ka dawo gobe. Lafiyayyen injin gas yakan tashi ba da jan rai ba ko da sanyin hunturu ne.

Na biyu, ka tsaya bayanta ka kalli hayaƙi. Baƙin hayaƙi mai yawa yana nuna mai ya fi iska, ko nozul ne ko matatar iska ta toshe, wannan da sauƙi. Shuɗin hayaƙi yana nufin tana ƙona baƙin mai, wato ringi ya gaji ko tabo ya lalace. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi kuwa, ko matsi ya ragu ko ruwa na shiga inji. Waɗannan biyun na ƙarshe kuɗi ne masu yawa.

Na uku, inji na aiki, a buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. In hayaƙi na bulbulowa kamar tukunyar dambu, injin ya kusa sauka. Ka zaro sandar gwajin mai. Baƙinsa a injin gas ba laifi ba ne, haka yake yi da wuri, amma in ka gan shi kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi. Tun inji na da sanyi a buɗe lagireto a tayar, in ruwan na ta kumfa, gaskit ya ƙone. Kada a buɗe lagireto da zafi.

Na huɗu, in mai fetur ce a kwance fulogi a duba. Busasshe mai ruwan ƙasa lafiya ce, jiƙaƙƙe da baƙin mai kuwa ciwo ne.

Na biyar, a ɗora mata kaya na gaske a hau tudu da ita, ana kallon allurar zafi. Mota ba kaya kowace jaruma ce. A nan za ka ji lafiyar kuloci da giya da birki.

Na shida, ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka bi shasi daga gaba zuwa baya. Ka nemi tsagewa da walda da sabon fenti a inda bai kamata ba. Motocin Turai sukan zo da tsatsa saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin ƙanƙara. Lambar kilomita da ke gaban direba kuwa kada ka dogara da ita, ana juya ta. Ka dubi yadda feda da sitiyari da kujera suka cinye, su ba sa ƙarya.

Na bakwai, takardu. Lambar inji da ta shasi su dace da abin da aka rubuta, musamman da yake an sauya wa motoci da yawa inji a zamanin tallafi. Ka tabbatar da takardar kwastan, domin daga 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma an sha kama motoci a hanya a kan takardun jabu. Haka nan, tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, don haka motocin Japan da Ingila sai an juya musu sitiyari. In an juya, a duba aikin da kyau, domin sitiyarin da aka yi wa walda ta ganin dama rai yake ci.

BAYAN KA SAYA

Mai gas abu uku take roƙo a wajenka: mai mai tsabta, iska mai tsabta, da juye a kan lokaci. Ka guji gas ɗin da aka gauraya da kananzir, domin gas da kansa ne ke shafe cikin famfo, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi. Ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan matatar mai. Da hunturu ka yawaita duba matatar iska. Kada ka bari tanki ya ƙafe, domin in iska ta shiga sai an fitar da ita kafin ta tashi. In kuma yaron gidan mai ya yi kuskure ya zuba maka fetur, kada ka murza makulli, a tsiyaye tankin tukuna.

Mai fetur kuwa babban abin tsoronta wuta. Fetur yana tashi ya zama tururi mai kamawa ko da sanyi ne, shi kuwa gas sai ya yi zafin da ya haura digiri 50. Mai ɗaukar auduga ko harawa ko kara ya lura da wannan, ya daina ajiye jarkar fetur a cikin kaya, ya kuma ajiye tukunyar kashe gobara. Ba mu manta da abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024 ba, inda tankar fetur ta faɗi ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

TO BATUN CNG FA?

Tun 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da motoci su riƙa shan iskar CNG, kuma a nan mai fetur ta yi wa mai gas fintinkau, domin da yake tana da fulogi, juya ta ba wuya, kuma za ta ci gaba da shan fetur in iskar ta ƙare. Injin gas kuwa juya shi babban aiki ne mai tsada. Amma ka sani tukwanen iskar suna da nauyi, suna cin wurin kaya, ƙarfin motar yakan ɗan ragu, kuma cika guda ba ta kai ka nesa kamar tanki. Tambayar ita ce, akwai wurin cikawa a kan hanyar da kake bi? In babu, kada ka sa CNG a lissafinka tukuna. In za ka juya, ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita. Tukunyar da maƙeri ya haɗa da walda ita ce ta fashe a wani gidan mai a Benin a watan Oktoba na 2024.

SHAWARARMU GA KOWANNENKU

Malam na ƙasar Funtuwa, in tafiyarku ba ta wuce gona da kasuwannin kusa ba, kuma motar za ta yi watanni tana hutu, to mai fetur ɗin ta ishe ku, in dai ta ci jarrabawar da muka lissafa. Miliyan biyun nan ku sayi tayoyi masu kyau, ku ajiye saura don gyara da takin baɗi. Amma in kun ƙudura za ta shiga haya duk shekara, tana jan cikakken kaya a hanyar yashi da laka, ku daure ku sayi mai gas mai tsohon famfo. Sa'an nan da yake ku biyu ne, tun yau ku rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: wa zai tuƙa, wa zai riƙe kuɗi, nawa za a ware wa gyara a kowace tafiya. Mota ta sha raba zumunci.

Alhaji mai hatsi, kai taka mai gas ce babu ja, domin tafiyarka mai nisa ce kuma kayanka masu nauyi. Ka zaɓi wadda kayan gyaranta ke cike a Kano da kuma can inda kake sauke kaya, ka nemi direba mai amana, ka riƙa rubuta lita da kilomita na kowace tafiya.

Malam mai albasa, albasa ba ta jiran bakanike. In babu mai kwamfutar duba irin wannan DAF a kan hanyarka, kuma ba ka da tabbacin samun tsabtataccen gazuwal da ruwan AdBlue, gara ka nemi wadda ta girme ta a shekaru amma ta fi ta sauƙin sha'ani.

Ga ku duka kuma, kada kowa ya zuba kuɗinsa kaf a sayen mota. Ka rage aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a hannu, domin motar hannu ba ta rasa abin da za ta nema a watannin farko. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar lafiya ba. Ido da lissafi su ne.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Wanda ya riga ya sayi irin waɗannan motoci, ya rubuto mana abin da ya gani, daɗi ko wuya, domin 'yan'uwa su ƙaru. A mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu amsa wasiƙun da suka taru a kan injin ban-ruwa, mai fetur da mai hasken rana.